Kan Aro da Saniyar Aro

A shekarun da ake maganar nan, idan ka sauka a Cadawa ka ce Gidaɗo makanike kake nema, ba wanda zai raka ka. Za a nuna maka wata tsamiya a bayan tasha, a ce ka bi motocin da ke gindinta ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ka ga ƙafafu biyu dogaye sirara sun leƙo daga ƙarƙashinta, ka yi wa ƙafafun sallama, mai su zai amsa.

Ba da sifana a hannu aka haife shi ba. Ɗan ruga ne daga kudancin Gangara, kuma har ya yi aure ya ajiye iyali, abin da ya sani game da mota bai wuce cewa tana firgita shanu ba. Sai farin shekarar saba'in da uku ya zo ya share garken gidansu tas, kamar an bi da tsintsiya. Shi da wansa, Hamma Hayatu, suka wayi gari ga igiyar ɗaure maruƙa a miƙe, babu abin ɗaurewa. Hamma ya ce shi kam ko akuya ɗaya ta rage a duniya, a bayanta za a same shi. Gidaɗo kuwa ya saɓa sandarsa ya nufi Cadawa, ko Allah ya sa a samu abin sawa a tukunya.

A nan ya faɗa hannun Ɗantala, wani gajeren makanike mai tumbi da babbar murya, wanda kakanninsa suka ƙetaro daga ƙasar Katsina da fartanyarsu da bakinsu. Ɗantala ya dube shi daga sama har ƙasa, abin da ya ɗan ɗauke shi lokaci, sannan ya ce, "Bahillace, mi ka iya?"

"Kiwo."

"Madalla. Ga garke nan." Ya nuna masa matattun motocin da ke zube a inuwar tsamiya. "Waɗannan ba su gudu, ba su shiga gonar kowa. In ka ga ɗaya ta tashi, ka kira ni."

Ɗantala da wasa ya faɗa, Gidaɗo da gaske ya ɗauka. Ya fara da turi da ɗaukar ƙarfe da wankin ƙusoshi, amma idonsa idon makiyayi ne, bai iya kallon abu ba tare da ya nemi sanin lafiyarsa da asalinsa ba. Idan aka tayar da inji, sai ya dafa kan sandarsa a jikin ƙarfen, ya kara ɗaya kan a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron cikin saniya. Yakan shinshina mai, ya murza shi tsakanin yatsu. Yakan zagaya baya ya dubi launin hayaƙi, don a cewarsa duk dabbar da ba ka duba bayanta ba, ba ka san abin da ke damunta ba. Masu motoci suka yi ta dariya. Da suka ga motocin suna tashi, sai suka rage dariyar, amma ba su daina ba, don shi ma ba ya jin haushi.

Akwai wata ɗabi'arsa da har ya tsufa bai bari ba. A ruga, idan maraƙi ya mutu, akan lulluɓa fatarsa a jikin wani maraƙi maraya don uwar ta sansana ta karɓe shi. To shi ma Gidaɗo, duk ƙarfen da zai ciro daga wata mota ya sa wa wata, sai ya fara shafe shi da tsohon man injin da zai shiga. Ɗantala ya yi faɗa ya gaji. "Ƙarfe ne fa, Bahillace! Ba shi da hanci!" Gidaɗo ya ce, "To, Maigida," ya ci gaba da shafawa.

A cikin dukan garken, landiroba ce ta shiga ransa, don ita ce motar rairayi, ita kaɗai ke bin hanyoyin da shanu ke bi. Injinta iri uku ne a wajensa, kuma yana jera su yadda ake jera jinsin shanu. Akwai tsohon yayi mai shan isansi, wato fetur, fentinsa shuɗi mai haske kamar rigar da ta sha wanki. Akwai ɗan'uwansa mai shan gazuwal, wato man dizal, wanda Gidaɗo ke cewa uwarsu ɗaya, uba kowa da nasa. Gangar jikinsu kamar an tsaga kara, har kana iya ciro famfon ruwan wannan ka sa wa wancan, haka fanka, haka kaskon mai na ƙasa, ba wanda zai yi gardama. Amma kai, wato murfin nan mai nauyi da ke rufe saman inji, kowa da nasa, don mai isansi yana da ramukan buji, wato fulogi masu ba da wuta, mai gazuwal kuwa ba ya neman wutar kowa. Sai na ukun, sabon yayi, ja, mai haƙarƙari a waje kamar saniyar rani. Shi wannan bai daɗe da shigowa ƙasar ba, sai a motocin masu aikin taimako ake ganinsa, kuma Gidaɗo daga nesa yake gaishe shi.

Da idon Ɗantala ya fara hazo, sai ya koma kan tabarma yana gyara da baki, ya bar wa Gidaɗo inuwar tsamiya da akwatin sifanoni da wata tsohuwar landiroba mai buɗaɗɗen baya, mai shuɗin inji. Goggo ake ce mata, don kowace safiya sai ta yi tari, ta yi mita, ta nuna ba ta son a dame ta, sannan ta tashi ta yi aikin da yara ba su iyawa.

Haka aka tafi har daminar tamanin da huɗu ta zo ta wuce ba ta gaisa da kowa ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Kafin bazara ta kama, mutane sun fara zare ciyawar rufin ɗaki suna ba dabbobi.

Wata ranar kasuwa sai ga Hamma Hayatu a gindin tsamiya. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya gaishe da ƙanensa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi rana, ya yaba inuwar tsamiya, ya koma ya sake tambayar iyali. Gidaɗo ya san akwai magana, amma ba a jawo magana daga bakin babban wa kamar ana jawo guga. Sai da aka yi azahar sannan Hamma ya dubi wani wuri can daban, ya ce, "Wode ta kwanta."

Gidaɗo ya ajiye sifana.

Wode jar saniya ce mai dogayen ƙaho, kuma ba tasu ba ce. Fulani suna da wata al'ada da suke kira habbanaye. Idan mutum ya rasa garke, sai wani mai shanu ya ɗaure masa karsana aro. Ta zauna a hannunsa har ta haihu uku, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Bayan wancan farin, Hamidu, wani aminin Hamma da ke zaune kusa da Gidan Sori, shi ya ɗaure masa Wode, kuma a kanta Hamma ya sake zama mai garke. Ta cika haihuwarta, lokacin komawarta ya yi, sai ga wannan masifa. An kora 'ya'yanta kudu tare da sauran masu ƙarfi, ita ta kasa tafiya.

"Hamidu fa?" in ji Gidaɗo.

"Ya kora nasa arewa neman ciyawa. Ya dawo da sanda."

"Duka?"

"Duka. Yana can zaune a bakin gulbi, 'ya'yan gawo na zubo masa a ka, babu mai tsinta."

A al'ada, idan saniyar aro ta mutu ba laifin kowa ba ne, ba a bin kowa da komai. Amma ba maganar laifi suke ba. Wode ce kaɗai ta rage wa Hamidu daga jinin garkensa. In ta isa Gidan Sori da rai, akwai gawo, akwai rijiyoyin gulbi, mutumin da ya tayar da gidansu zai samu irin da zai tayar da nasa. In ta mutu a Gangara, shi ke nan. Ƙafa ba za ta kai ta ba, sai mota.

Mota kuwa, Goggo na kwance ita ma. Zafi ya tsaga mata kai, ruwa ya gauraye da mai, har man ya koma fari kamar kindirmo. Tun da Gidaɗo yake, bai taɓa ganin abu mai kamar nono ransa ya ɓaci ba sai ranar. Da a da ne, da an aika Jibiya ko Katsina an samo wani kan, amma a shekarar an rufe iyaka. A gindin tsamiya akwai gawar mai gazuwal, wadda Goggo ta riga ta gaji famfonta da fankarta, sai dai kanta ba zai yi ba.

Daga kan tabarma Ɗantala ya ce, "Ka tahi Agye wurin Ayuba mai wake. Shina da jan inji a zaure."

"Ja da shuɗi, Maigida?"

"Dukansu isansi suke sha. Ko a ruga ba a taɓa haɗa jar saniya da farin sa ba?"

Ayuba manomi ne mai saye da sayar da wake. Ya taɓa zuwa gwanjo ya sayi wata motar masu aikin taimako da ta yi karo da kuka. Jikin motar ya zama akurkin kaji, injin kuwa ya ɗora shi a kan itace a cikin zaure, ya lulluɓe da tabarma. Duk Juma'a sai ya kakkaɓe shi. Yana jiran ranar da zai samu jikin da ya dace da shi, kuma duk baƙon da ya zo sai an ɗaga masa tabarma ya gani, kamar ana nuna jariri.

Da ya ji abin da ke tafe da Gidaɗo, sai ya mayar da tabarmar ya rufe. "Sayarwa? Ko da wasa."

"Ba saye na zo ba, Malam Ayuba. Habbanaye na zo nema."

Ya yi masa bayanin al'adar da labarin Wode. Ayuba ya saurara yana sosa gemu, sannan ya ɗaga hannu. "Tsaya in gane. An ba ku saniya, ta haihu, kun riƙe 'ya'yan, kun mayar da uwar ta tsufa. Shi mai ita mi ya samu?"

"Ya samu saniyarsa."

"Ai da ma tasa ce!"

"Ya samu mutum."

Ayuba ya dubi tabarmar da ke kan injin. Can ya ce, "To, shi kan inji mi zai haifa?"

"Tafiya. In ya yi uku, in wanke shi in dawo maka da shi."

Ayuba ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce tun da yake ciniki bai taɓa jin cinikin da aka cuce shi a fili kuma ya ji daɗi ba sai wannan. Ya yarda, da sharaɗin a ciko masa buhu da 'ya'yan gawo daga gulbi, don ragonsa ya fara cin igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Gidaɗo ya durƙusa ya kwance kan a hankali. Akwai ƙananan ƙusoshi masu zare da ke shiga jikin kan, waɗanda ke riƙe bututun hayaƙi da bututun isansi da murfin ruwa. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya zuba a wani gwangwanin tumatir, ya ajiye a gaban Ayuba. Kai ya roƙa, kai aka ba shi. Mutumin da aka yi wa kyautar saniya ba ya cewa a haɗa masa da igiya. Ya naɗe kan a bargonsa, ya hau motar kasuwa ya koma Cadawa yana rungume da shi a cinya.

Ya shafe shi da tsohon man Goggo, ya ɗora. Kai ya zauna daram kamar hula a kan mai ita. Manyan ƙusoshin da ke ratsa shi su kama gangar jiki suka shiga lafiya lau, tun da cikin tsohon gidansu suka koma. Gidaɗo har ya fara waƙar kiwo ƙasa-ƙasa. Sai ya ɗauko ƙananan ƙusoshin Goggo zai kama bututun hayaƙi. Ta farko ta ɗan shiga ta cije. Ya canza wata, ita ma ta cije. Ya shafa mai, ya yi bisimilla, ya lallaɓa, ta ƙi. Da kan nasa ne, da ya sa ƙarfi, amma dukiyar aro ba a yi mata dole.

Ɗantala ya ji waƙa ta tsaya. Ya ce a miƙo masa ƙusar, ya taso ya lalubi ramin da ɗan yatsa, ya murza, ya tsotsi haƙori. "Zaren ba ɗaya ba ne. Tsohon da awon Ingila aka yanka shi, jan nan da awon Faransa. Ido ba ya rabe su, amma su sun san junansu. Ba komai, kawo nasa ƙusoshin."

Gidaɗo ya dubi ƙasa.

"Bahillace. Ina ƙusoshin kan?"

"Suna Agye."

"Mi suke yi a Agye?"

"Ban roƙe su ba, Maigida."

Ɗantala ya ɗora hannu biyu a ka. "Jama'a ku zo ku gani! An ba shi amarya, ya ɗauko ta ya baro tukwanenta! Da mi za ta yi maka tuwo? Wannan kunya taku, wata rana sai ta hana ku shiga Aljanna, a buɗe ƙofa ku tsaya kuna cewa a'a, mun ƙoshi!"

Washegari da sassafe Gidaɗo ya koma Agye. Tun a hanya yake shirya maganar a ransa, yana juya ta, ko ta wace fuska ya duba sai ya ga roƙo ne a kan roƙo. Ya iske Ayuba a ƙofar gida tare da maƙwabcinsa Ɗanasabe, sun haƙa gurabun dara a ƙasa suna bugawa. Ɗanasabe da tsinken kara yake wasa. Ayuba kuwa, da Gidaɗo ya duba da kyau, ba da tsinke yake wasa ba. Ƙusoshin ne, an jera su a gurabu suna walƙiya.

"A'a, mai habbanaye! Har kan ya haihu?" in ji Ayuba. "Zauna ka ga ikon Allah. Tun da na fara wasa da 'yan ƙarafan nan, Ɗanasabe bai ci ni ko sau ɗaya ba."

Gidaɗo ya zauna. Ya gaishe su, ya tambayi iyali, ya tambayi rago, ya yaba inuwar zaure. Aka kawo masa hura ya ce ya ƙoshi, alhali tun jiya bai sa komai a ciki ba. Rana tana ɗagawa, shi kuwa ba abin da yake gani sai Wode a kwance a Gangara, wuyanta a miƙe a ƙasa. Ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa, abin da ya fito shi ne, "Kan nan dai ya kwana da kewa."

"Allah sarki," in ji Ayuba, idonsa na kan dara. "Baƙunta ce, zai saba."

"Kamar akwai waɗanda ya saba kwana da su."

"Kaji ne. Suna shiga zauren."

Sai aka ji murya daga bayan zana. Hauwa ce, matar Ayuba, wadda ke tankaɗe tana jin komai. "Malam, don girman Allah! Ƙusoshin nan yake so! Mutum ya baro aikinsa tun asuba, ya ƙi hura, yana kallon hannunka kamar kaza ta ga tsaba, kai ba ka gani ba?"

Ayuba ya ɗago. "Su kake so? To mi ya hana ka faɗa?"

Gidaɗo ya ce, "Na faɗa."

Ayuba ya ce, "Naka ne, amma ba a tashi dara a tsakiya. Duk wadda Ɗanasabe ya ci, ka ɗauka."

Nan Gidaɗo ya shiga wani hali da bai taɓa shiga ba. Ga mutumin da ya yi masa alheri, ga shi kuma a zuci yana roƙon Allah ya kayar da shi. Duk lokacin da Ɗanasabe ya jera uku ya cire ƙusa ɗaya, sai Gidaɗo ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Ayya, Malam Ayuba, sannu," ya jefa a aljihu. Ɗanasabe da ya ga yana da mai goyon baya, sai hannunsa ya buɗe. Kafin rana ta take tsaka an cinye Ayuba ƙurmus. Ya juye sauran da ke gwangwani a tafin Gidaɗo yana cewa, "Tashi ka tahi, kai da sannunka. Buhu biyu na gawo nake so yanzu!"

Ƙusoshi suka shiga ramukansu kamar 'yan gida. Goggo ta yi tarinta, ta yi mitarta, sannan ta ɗauka da wata murya da ba a san ta da ita ba, har Ɗantala ya ce tsohuwa ta sa hular yara tana jin kanta budurwa.

A Gangara suka iske Wode ta zama ƙashi da fata da ƙaho. Idonta dai na nan da rai. Aka zuba rairayi a bayan mota, aka shimfiɗa kara, maza suka zura sanduna ta ƙarƙashin cikinta suka ɗaga, wani ya kama wutsiya, wani ƙaho, ana ta salati. Da ta kwanta, ƙahonta ɗaya ya leƙa ta wannan gefe, ɗaya ta wancan. Hamma, wanda bai taɓa yarda ya hau mota ba, ya hau ba tare da an roƙe shi ba, ya ɗora kanta a cinyarsa, ya rufe idonsa gam.

Gidaɗo ya tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Suka hau kwalta, suka wuce Agye, suka wuce Cadawa inda Ɗantala ya sa aka fito da tabarmarsa bakin hanya don ya ɗaga musu hannu. Rana ta yi zafi, Wode ta fara haki, Goggo ma allurar zafinta ta fara hawa. Ruwan da ya rage a jarka bai isa a raba ba. Gidaɗo ya tsaya ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya juye shi a ƙwarya ya miƙa wa Hamma. Mota in ta mutu ana tayar da ita.

Da ƙyar suka kai shingen jandarma da ke kafin Maraɗi, tururi na fita ta hancin Goggo. Wani jandarma mai gashin baki ya zagayo baya, ya yi turus da ya ga ƙaho. "Wannan hajiyar fa? Ina takardarta?"

Hamma bai san wasa da hukuma ba. Ya buɗe ido, ya gyara zama, ya ce, "Ranka ya daɗe, Wode ce, ɗiyar Wode Babba, ita kuma ɗiyar Saige mai karyayyen ƙaho, wadda aka haifa shekarar da fara ta ci gero, ita kuma uwarta…"

"Ya isa, Baffa, ya isa! Ni kaina tawa takardar ba ta kai nan ba." Ya tambayi inda za su, aka gaya masa. Ya ɗan tsaya yana kallon saniyar, ya ce a garinsu ma haka shanun ubansa suka ƙare. Sai ya nuna randar da ke gindin rumfarsu. "Ku shayar da tsohuwar gaba, ku ƙara wa ta baya."

Da la'asar sakaliya suka sauka daga kwalta bayan Tsibiri, suka bi rairayi har bakin gulbi. Hamidu na zaune a gindin wani gawo, shi kaɗai, sanda a gicciye a gwiwa. Ya ga mota, ya ga ƙaho. Ya miƙe a hankali. Ya zo ya gaishe da Hamma, ya gaishe da Gidaɗo, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Gangara gida-gida, duk bai dubi bayan motar ba ko sau ɗaya.

Hamma ya ce, "Mun kawo amana. Ta haihu uku."

"Da kun bar ta ta huta," in ji Hamidu.

Aka sauke ta a inuwa. Aka tara mata 'ya'yan gawo a gaba, ta kau da kai. Aka kawo ruwa, ta shinshina ta bari. Tafiyar ta cinye ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta miƙe wuya a ƙasa, irin miƙewar da duk makiyayi ya san abin da ke biye da ita. Gidaɗo ya ji kamar shi ya kashe ta da gargadar hanya.

Sai Hamidu ya tsuguna a gabanta, ya juya wa mutane baya, ya yi wani kira can cikin maƙogwaro. Kowane gida da irin kiran da yake yi wa shanunsa, kuma da wannan aka kira Wode tun tana maraƙa. Kunnenta ɗaya ya motsa. Ya sake kira. Inno, matar Hamidu, ta daka 'ya'yan gawo a turmi, ta yayyafa ruwan kanwa, ta kawo. Hamidu ya ɗebo a tafinsa ya kara mata a baki. Aka daɗe. Can sai harshe ya fito, ya lasa, ya koma, ya sake fitowa.

Gidaɗo ya tashi ya buɗe gaban Goggo ya sunkuya a ciki, ko da yake ba abin da ya lalace.

Da gari ya waye aka kira maƙwabta, aka zura sanduna, aka ɗaga ta. Ƙafafunta suka yi ta rawa kamar na sabon haihuwa. Hamidu ya ce a zare sandar baya. Aka zare. Ya ce a zare ta gaba. Maza suka dubi juna, suka zare. Wode ta yi tangaɗi hagu, ta yi dama, ta tsaya. Ta ɗaga ƙafa ta taka, ta sake takawa, ta sunkuyar da kai ta tsinci ɗan gawo da kanta, tana taunawa ƙarus-ƙarus kamar ba ita ta tayar da hankalin ƙasa guda ba.

Inno ta shiga bukka ta fito da wata babbar ƙwaryar tatsa da ƙura ta rufe. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗebo ruwa, ta shiga wanke ta ciki da waje.

Hamidu ya ce, "Inno, ai da saura. Ko ciki ba ta ɗauka ba."

"Na sani," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Wanke ta kawai nake."